Jan Biro a Takardar Kaka

Kwana arba'in da 'yan kai ke nan da rasuwar ƙanwar kakata. Mu jikoki Kaka muke ce mata kai tsaye, domin yayarta, wadda ta haifi mahaifiyata, ta rasu tun ban yi wayo ba. Abin da zan rubuta a nan daga ka na ɗebo shi, kuma kan nawa ba abin dogaro ba ne a 'yan kwanakin nan. Wani abin da idona na gani, wani kuma labari aka ba ni har na fara ɗauka ina wurin. Mai yiwuwa in sa maganar wani a bakin wani, ko in haɗa Asabar biyu su zama ɗaya. A yi mini uzuri. Na dai ga in na tsaya jiran ranar da zan tabbatar da komai ba zan taɓa rubutawa ba, kuma irin wannan jiran ya riga ya cuce ni sau ɗaya.

Ban samu jana'izarta ba. Da hantsi 'yarta, wadda nake kira Anti, ta bugo mini waya ina ofis a Utako, cikin Abuja. Na ruga tasha, mota ta ƙi cika. Na sauka na shiga wata, ita ma ta tsaya a Gwagwalada tana sauke kaya. Kafin in isa Kwali, inda take zaune, har an dawo daga maƙabarta, maza sun shimfiɗa tabarmi a gindin mangwaron ƙofar gida, daidai inda teburin tafiretarta yake zama.

Ban zaci zan tarar da mutane haka ba. Yawancinsu ba dangi ba ne. Manoma ne daga ƙauyukan da ke bayan Sheda, wasu da laka a ƙafa, da alama daga gona suka jiyo labari suka taho. Wani dattijo ya ciro leda daga aljihu, ya warware, ya fito da wata takarda da ta yi ja don tsufa. Ya ce ita ta buga masa a kan iyakar gonarsa, kuma tun ranar da aka karanta ta a gaban dagaci ba wanda ya sake tsallaka masa kunya. Ya ba na kusa da shi, aka riƙa miƙa ta hannu zuwa hannu, har waɗanda ba su iya karatu ba suna karɓa suna dubawa.

Akwai kuma wani tsoho mutumin Filato, wanda ya yi masinja a ma'aikatar da ta yi aiki. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya ce, "Madam ɗin nan, hmm. Shekara talatin muna tare, tun kafin a kwaso mu zuwa Abuja. Ni ke kai fayil, ni ke dawo da shi. A wurinmu jan biro na oga ne. In ya zana wa mai tafireta ja a takarda, duk ofis sai an ji. Amma Madam? Ko sau ɗaya ban ɗauko takardansa da ja a jiki ba. Allah ya ba shi hutawa."

Mutane suka ce amin. Ni kuwa na tashi na shiga cikin gida don in gaishe da mata. A tsakar gida na tarar da maƙwabciyarta, wata Bagwariya mai ginin tukwane da kowa ke ce wa Mama. Ta zauna dirshan a ƙasa tana kuka da ƙarfi, ana ba ta baki ta ƙi yin shiru. Da ta gan ni sai ta tsaya, ta share fuska da bakin zane, ta ce, "Maigida, sai yau?"

Maigida shi ne sunan da Kaka take kira na da shi, irin na wasan kaka da jika. Duk matan da ke wurin sun san me Mama take nufi. Wata huɗu ban taka gidan ba, ni da a da ba na fashin Asabar. Na yi wa Kaka wani abu a gaban mutane, na tafi ban nemi gafara ba, ta rasu ban san ko ta yafe mini ba. Wannan ne ya hana ni zama wuri ɗaya tun ranar, kuma shi ya sa nake wannan rubutu, ko da yake ina so in fara da ita kafin in zo kaina.

Tana budurwa ta koyi buga tafireta a Kaduna, a zamanin da ba kowane uba ne zai bar 'yarsa ta shiga ofis ba. Da ta yi ritaya sai ta koma Kwali, inda marigayi mijinta yake da gona. Ta ce zaman banza zai kashe ta, ta sa aka fito mata da tebur gindin mangwaro. Tafiretar tana da riga, ita ta ɗinka mata da tsohuwar atamfa, kuma duk Juma'a da safe sai ta ɗiga mata man keken ɗinki. Shagunan kwamfuta sun cika bakin sakatariyar ƙaramar hukuma, amma tsofaffi wurinta suke zuwa. Sun ce yaran kwamfuta abin da ka faɗa suke bugawa, ita kuwa abin da kake nufi. Ba ta kallon injin in tana aiki. Bakin mai magana take kallo, yatsunta na tafiya su kaɗai.

Tana da wata doka: wasiƙar fushi sai ta kwana. Na taɓa ganin wata mata ta zo a fusace, tana so a rubuta wa ƙaninta cewa babu ita babu shi har abada. Kaka ta buga duk abin da ta faɗa, ba ta rage ko zagi ɗaya ba, sannan ta ɗaga tafireta ta danne takardar a ƙarƙashi, ta ce a dawo gobe. Ban ga dawowarta ba, Anti ce ta ba ni ƙarshen labarin. Wai da matar ta zo, Kaka ta karanta mata a hankali, tana tsayawa a kowace aya, ba a kai rabi ba matar ta ce a yaga.

Ni kuwa mahaifiyata ce ta tura ni wurinta. Na gama jami'a, na gama hidimar ƙasa, na zauna wurin yayana ina ta aika takardun neman aiki, ko kira ɗaya ban samu ba. Ban so zuwa ba. A raina na ce me tsohuwar mai tafireta za ta koya wa mai digiri.

Ina sallama ta ce, "A'a, maigida! Da cefane ka zo ko da takardar saki?"

Na ce, "Tsohuwa, da digiri na zo."

"Digiri? A miya ake sa shi ko a tuwo?"

Na miƙa mata wasiƙata ta neman aiki, da Turanci, shafi biyu cur. Ta duba sama-sama ta maido mini. Ta ce in miƙe tsaye in karanta da ƙarfi, kuma kada in ja numfashi sai na ga aya. Na fara. Jimlata ta farko, in ban manta ba, ta kai layi bakwai. A layi na huɗu muryata ta fara rawa, a na biyar idona ya kawo ruwa, na tsaya ina haki. Mama tana gefe tana kwaɓa yumɓu, ta bushe da dariya har ta riƙe ciki.

Kaka ta ce, "Kai da ka haife ta ta shaƙe ka. To oga da bai san ka ba fa? Yanzu juya, faɗa wa Mama da Hausa abin da ka rubuta."

Na yi ta kame-kame. Na ce na bayyana cewa, bisa la'akari da irin matsayin da ma'aikatar take da shi, kuma duba da yadda ni ma, wato, a nawa ɓangaren…

Mama ta katse ni. "Hajiya, wannan yaro aiki yake nema ko gaisuwa ya kawo? Ni ban ji ya roƙi komai ba."

A nan karatuna ya fara, kuma ya ɗauki kusan shekara uku, duk Asabar. Ba ta da littafi. Tambayoyi uku gare ta, kuma kowace jimla sai ta amsa su: wa ya yi, me ya yi, wa aka yi wa? In jimla ta kasa amsawa, sai ta ce gawa ce, a fitar da ita. Takan ce jimla kamar tulu ce a ka, in ba ka san inda za ka sauke ba kada ka ɗauka. Waƙafi gyara gammo ne, aya kuma saukewa. Ranar da ta fara faɗin haka Mama ta ce, "Mu Gwari a kafaɗa muna ɗauka, ba ruwanmu da gammo." Kaka ta ce, "Shi ya sa in kin fara magana ba kya tsayawa sai magariba." Suka yi ta yi, na zauna da takarda a hannu ina jiran su gama.

A wurinta na san cewa sakin layi ba ado ba ne, sabuwar magana ce take neman nata ɗakin. A wurinta na daina watsa babban baƙi a tsakiyar jimla don kalma ta yi mini kama da mai muhimmanci. Ta hana ni alamar motsin rai gaba ɗaya, ta ce wanda yake neman aiki ba ya ihu. Alamar tambaya kuwa ƙugiya take ce mata, wai in ba ka shirya jawo amsa ba kada ka jefa. Da Hausa ma haka, ta sa na gane inda kalmomi suke haɗewa da inda suke rabewa, abin da na yi shekaru ina yi da ka. Kuma duk sanda na karanta "wataƙila" ko "ina ganin kamar" sai ta buga tebur da tafin hannu, ta ce, "Ka sani ko ba ka sani ba?" Wannan ciwon dai ba ta raba ni da shi ba, mai karatu ya riga ya gani.

Abin da nake so a riƙe shi ne wannan: a duk shekarun nan ba ta taɓa sa alƙalami a takardata ba. Ba tawa kaɗai ba, ta kowa. Kai za ka karanta da bakinka, kunnenka ya kama kuskuren, hannunka ya gyara. In ka wuce kuskure ba ka ji ba, sai ta ce, "Sake wannan wurin, kunnena ya tsufa." Sai ka sake, sai ka ji. Na taɓa tambayarta me ya sa ba za ta zana mini kawai mu huta ba. Ta ce wanda aka zana wa kunya yake koya, ba rubutu ba.

Da wasiƙa mai layi tara na samu aikin da nake yi yanzu, a wani ƙaramin ofis, inda ni ke rubuta wasiƙu da rahoton taro. Ranar da na kai mata labari ta sa Anti ta yanka zakara, ta ce, "To maigida ya samu aiki, yanzu sai a fara ganin atamfa." Ban daina zuwa ba. Sai dai karatun ya canja. Maimakon nawa rubutun, sai ta riƙa tara wasiƙun da ta buga wa mutane a cikin mako, in na zo ta ce in karanta mata su ɗaya bayan ɗaya, wai don in ji yadda ake gina magana. Wani lokaci ina karantawa sai ta ce, "Tsaya. Me ka ce?" In maimaita, ta karɓi takardar ta ajiye gefe, ta sake buga ta. Masu wasiƙu suka fara ƙorafi cewa Hajiya ta koma sai Asabar take ba da aiki. Ni kuma, in faɗi gaskiya, na fara gajiya. Na ɗauka burga take yi mini. Ina ganin na riga na iya, a ofis har gyara nake yi wa wasu, na sayi jan biro ina yawo da shi a aljihun gaba.

Ranar da abin ya faru Asabar ce, da damina, bayan azahar. Akwai mutum biyar ko shida a kan benci. Wani manomi daga wajen Sheda, dogo, mai tsage a kumatu, ya zo da gaggawa. Shanu sun shiga masa gonar doya, ana zama a kan maganar a ranar, yana so ya tafi da takarda a hannu. Kaka ta ce ya bari sai ta kwana, ya ce ba fushi ba ne, sauri ne. Ta buga masa nan take, ta zare takardar ta miƙo mini, ta ce, "Maigida, karanta."

Na duba. Farkon lafiya lau. A tsakiya kuwa layi biyu ba su da ma'ana ko kaɗan, baƙaƙe ne kawai a jere, kamar yatsunta sun goce gefe ba ta sani ba. A ƙasa kuma layi ya hau kan layi. Abin da ta koya mini shi ne in karanta, in na iso wurin in tsaya, ita da kanta za ta ce a sake. Ban yi haka ba. Na zaro biron nan na kewaye layukan, na rubuta "A sake" a ƙasa kamar malamin firamare, na ɗaga takardar sama na ce, "Jama'a ku shaida, yau tsohuwa ta faɗi jarrabawa! Sakin ma ya tabbata, ba zan zauna da mai maki sifili ba."

Aka yi dariya. Ni a wurina wasa ne irin wanda muka saba, wanda ta fi ni iyawa. Na sha gaya mata abin da ya fi wannan, ta rama da wanda ya fi nawa zafi. Na ɗauka tsakanin jika da kaka babu abin da wasa bai rufe ba.

Ta miƙo hannu na ba ta. Ta kai takardar kusa da fuskarta sosai, ta shafa ta da babban yatsa, ta ce, "Da wane biro ka rubuta?"

Na ce, "Da ja mana."

Ta ce, "Ashe."

A nan ne tunanina yake rabuwa biyu. Ina ganin kamar ta yi 'yar dariya bayan haka. Wani lokaci ina jin sautin dariyar sarai, wani lokaci kuma ina zargin ni na ƙirƙira ta don in samu sauƙi. Abin da na tabbatar shi ne ta ce in raka mutumin shagon kwamfuta in tsaya a buga masa daidai, kada ya makara. Na raka shi. Da na dawo teburin babu komai a kai, an shigar da tafireta ciki, bencin ya watse. Anti ta tare ni a zaure ta ce Kaka ta kwanta, in tafi kada hadari ya tare ni.

Asabar ta gaba an yi ruwa, na ce hanya ba kyau. Wadda ta biyo baya na ce aiki ya yi yawa. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Na buga waya sau ɗaya, Anti ta kai mata. Na ce, "Tsohuwa, ina wuni?" Ta ce lafiya lau, ta tambayi aiki, ta tambayi mahaifiyata, sannan ta yi mini sallama da sunana na yanka. Tun da nake ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Na ajiye wayar.

Sai na ce bari in rubuta mata wasiƙar ban haƙuri, tun da ita ta koya mini, in kai mata in karanta a tsaye kamar ranar farko. Na rubuta, na karanta da ƙarfi, na ji uzuri ya fi ban haƙuri yawa, na yaga. Na sake, na ji ta yi tsawo. Na sake, na ji ta yi sanyi kamar wasiƙar ofis. Na yi mata tambayoyi ukun nan, wa ya yi, me ya yi, wa aka yi wa, amsar ta fito fili a jimla ɗaya, amma na ga ba zan iya hawa mota tun daga Utako da jimla ɗaya ba. Ita kwana ɗaya take ba wasiƙa. Tawa ta yi wata huɗu a aljihun tebur, ana cikin haka Anti ta bugo waya.

Ranar sadakar uku, bayan mutane sun ragu, na sami Anti a bakin murhu tana kwashe tuwo. Na durƙusa na faɗa mata duk abin da na faɗa a nan. Ta saurare ni ba ta daina kwasa ba. Da na gama ta ce, "Wai kai har yanzu ba ka gane ba? Hajiya ta fi shekara biyu ba ta ganin rubutu. Hawan jinin ido ne, likita ya ce ba ya dawowa. Ta hana mu faɗa. Yatsunta sun san hanya, dubawa ce ba ta iyawa. Shi ya sa take tara maka takardu. Kai ne idonta, kana ta kumbura kana cewa karatu ake ba ka."

Ta ci gaba, ta ce kafin magariba a ranar labari ya zaga cewa Hajiya ba ta gani. Washegari mutum biyu suka dawo da tsofaffin takardunsu wai a duba musu ko akwai kuskure. Daga ranar ba ta sake cire wa tafireta riga ba, ko man Juma'a ta daina sa mata.

Na ce, "Anti, ta yafe mini?"

Ta ajiye mara ta dube ni. "Ba zan yafe a madadinta ba, ba ni ka yi wa ba. Ba kuma zan yi maka ƙarya ba. Kwana biyu kafin ta cika ta ce ta yafe wa kowa, kamar yadda kowane mai ciwo yake faɗa. Sunanka dai ban ji ta ambata ba, ko da alheri ko da sharri. Dariyar da kake cewa kuwa, ni ina cikin gida, ban ji ba."

Na fita na zaga wurin Mama. Tana zaune a cikin tukwanen da ba a gasa ba, ba ta aikin komai. Ita nata labarin daban ne. Ta ce duk Asabar Kaka takan sa a fitar mata da kujera gindin mangwaro, ta zauna har la'asar. Ta ce sau biyu ta ji ta ce, "Maigidan nan yaji ya yi ne? A garinmu mata ke yaji." Na ce, "Mama, don Allah da gaske haka ta ce, ko don hankalina ya kwanta kike faɗa?" Ta fusata, ta ce, "Ni zan yi ƙarya a kan wanda ya mutu? Tashi ka ba ni wuri." Amma da na juya zan tafi ta ce, "Ko ma bai faɗa ba, ai da ka zo." Wannan "ko ma" ɗin ya tsaya mini a rai. Mama tana ƙaunata, kuma na san mai ƙauna yakan ƙara gishiri.

Na kai wa limamin unguwarsu maganar. Ya ce in yawaita yi mata addu'a da sadaka, in kyautata wa 'yarta, Allah mai sulhunta bayinsa ne. Ina yi, kuma na yarda da abin da ya faɗa. Amma ina zaune a ofis sai in ga na miƙe ba dalili, in fita bakin titi in dawo. In an kawo mini takarda a ce in gyara, sai in ce wa mai ita ya karanta mini, su yi ta kallona kamar na taɓu. Ban sani ba ko na koyi darasin ne, ko kuwa hannuna ne kawai ya mutu.

Ba na so a tuna da ita ta wannan rana kaɗai, laifina ne da ta cinye rabin rubutun nan. Mace ce da ta zauna a gindin bishiya ta sa maganar talaka ta tsaya da ƙafarta a gaban manya. Ta koyar ba tare da ta kunyata kowa ba, ta ɓoye makantarta don kada masu zuwa wurinta su rasa inda za su. Allah ya jiƙanta, ya haskaka kabarinta, ya sa Aljanna ce makomarta. Ya ba Anti da Mama haƙurin rashinta.

Saura roƙo. Duk wanda ya san ta a ma'aikata ko a Kwali, ya ga na kauce a wani wuri, ya gyara mini, zan karɓa da hannu biyu. Amma waɗanda na fi nema su ne mutanen da ke kan bencin nan ranar Asabar ɗin, musamman manomin mai gonar doya, domin shi ne yake tsaye dab da ita, shi ya ga fuskarta lokacin da ni nake kallon masu dariya. Ban san sunansa ba, ban san ƙauyensu ba, na dai san ta wajen Sheda ya fito. Wanda ya san shi ya gaya masa jikan Hajiya mai tafireta yana nemansa. Haka duk wadda ta zauna da ita a makonninta na ƙarshe ta ji ta ambace ni, ko da kalma ɗaya ce. A bar saƙo wurin Anti, ko a same ni a gidan, yanzu duk Asabar ina can. Abu ɗaya nake roƙo: a faɗa mini yadda ta faɗa, kada a gyara, kada a tausasa don an ga idona ya yi ja. In ta yi dariya a ce ta yi. In kuka ta yi bayan na juya baya, shi ma ina so in sani, don in san girman abin da nake roƙon Allah ya sa ta yafe.